Ɗakin da Muka Ja Daga Agege

Ni tela ce, kuma tun ina ƙarama aka san ni da cutar tambaya. Ba na iya ganin abu yana aiki in wuce, sai na leƙa cikinsa na ga me ke tura me. Keken ɗinkin farko da aka saya mini sai da na kwance shi kaf a tsakar gida, na rasa yadda zan mayar, Inna ta yini ba ta amsa mini magana ba. Don haka ranar da Yaya ya shigo layinmu a Agege yana jan ɗaki sukutum a bayan jif ɗinsa, ko shago ban tsaya rufewa ba, na bi sahun masu kallo da tef ɗin awo a wuya.

Fari ne ɗakin, ya sha rana har ya koma ruwan madara, da ƙofa da tagogi da labule, zaune a kan tayoyi. A wajen masu sauke kayan tokumbo, gwanjon Turai, daga kwantena Yaya ya samo shi, can wajen Mile 2. An ce masa Turawa ne ke jan irinsa in za su fita shan iska, su kwana a ciki a bakin ruwa ko a daji, abin da har yau ban gane ba, mutum da gidansa lafiya lau. A ciki akwai gado daga gaba, ɗan wurin girki a tsakiya, da banɗaki ƙarami wanda mai jiki sai dai ya shiga a kaikaice. Babu durowar da ban ja ba, babu maɓallin da ban danna ba.

Yaya ba don shan iska ya sayo shi ba, Inna ce dalili. Tun da ta zame a bakin famfo da wata damina, ƙugunta ya ƙi zama. In ta ɗan jima a kujera sai gumi ya karyo mata, sai an kwantar da ita. A can ƙauyensu kuwa, bayan Malumfashi, yayarta da muke kira Inna Babba ta tsufa ƙwarai, kuma ita kaɗai ta rage mata a ɗakinsu. Rabonsu da juna tun 'yata ta fari tana goye, ga ta nan yanzu ta fi ni tsawo. In an haɗa su a waya, Inna Babba ba ta ji sosai, sai ta yi ta cewa, "Wa ke magana?" Inna ta yi ta ɗaga murya har ta gaji, ta miƙo mini wayar ta juya fuska bango. Bas ba zai yiwu ba. Jirgin sama ma zama ne, kuma ko an sauka Kano da sauran tafiya. Abu ɗaya Inna ke so, ta kuma faɗa ba sau ɗaya ba: ta sa 'yar'uwarta a ido tun ɗaya ba ta riga ɗaya ba. Shi ne Yaya ya ce to za a kai ta a kwance, a kan gado, har ƙofar gida.

Ni kuwa da na gama bincike a ciki na fito, sai idona ya tsaya a kan motar. Bayanta ya durƙusa har ya kusa taɓa taya, gabanta ya ɗaga sama kamar akuya tana miƙa wa ganye.

"Yaya, motarka ta zauna," na ce.

"Kin fara ke nan. Nauyi ne, dole ta zauna."

"To gaban fa? Me yake nema a sama?"

Ya harare ni ya shige gida. Sai da yamma, da ya tabbata Inna ba ta jin mu, ya faɗa mini gaskiya. Ya ce tun daga Mile 2 sitiyarin ya yi masa sakwaf a hannu, kamar tayoyin gaba ba sa taka ƙasa. Da yana saukowa daga gadar Pen Cinema ya taka burki, motar ta ƙi jin magana, saura ƙiris ya sumbaci bayan wata danfo, bas ɗin hayar nan ta Legas, kwandastan ya zage shi tas da Yarabanci har kakanninsa. Wannan fa cikin gari ke nan, babu Inna, babu kaya. Ina ga hawa da gangaren da ke tsakaninmu da Arewa?

Washegari muka kira maƙwabcinmu Bayarabe da muke ce wa Baba mai walda. A cikin Hausawa ya tashi, Hausa a bakinsa ras, sai dai muryar ta gidansu ce. Ya zagaya motar, ya danna bayanta da gwiwa.

"Oga, wannan ba wahala. A ƙara mata sifirin a baya, za ta miƙe kamar soja."

Yaya ya ji daɗi. Ni kuma na ce, "Baba, in bayan ya miƙe, nauyin da ya gudu daga tayoyin gaba zai dawo?"

Ya cire hula ya sosa kai. "Anti tela, wannan tambaya ce. Bayan zai tashi, wannan na sani. Gaban kuma, wallahi ban sani ba."

Abin da ya hana ni sakat wani abu ne daban. A gaban ɗakin akwai ƙarafa biyu da suka taho suka haɗe suka yi tsini, mu muka sa wa wurin suna wuya. A tsinin akwai ƙoƙon da ke hawa kan wata ƙwallon ƙarfe a bayan mota. Wannan kowa ya gane shi. Amma a kowane gefe na wuyan akwai ƙugiya da ba ta riƙe da komai, a ƙarƙashin ƙwallon kuma ga ramuka biyu a buɗe, da tsohon giris a bakinsu. A sana'armu in kin ga gidan maɓalli, to akwai maɓalli a wani wuri.

"Yaya, ba a haɗo ka da wani abu ba?"

"Tarkace ne kawai. Wasu ƙarafa dogaye guda biyu, da 'yar sarƙa a bakinsu."

"Suna ina?"

Ɗaya dai a gabana yake tun jiya ban lura ba: Yaya ya mayar da shi sakatar ƙofar gida, har yana yabon ƙarfinsa. Ɗayan ya bai wa mai shayin bakin layi, mutumin Nijar, ya tokare rumfarsa da shi. Na je karɓowa ana yayyafi, ina ba shi haƙuri. Ya miƙo mini ba gardama, ya kafa gora a madadinsa.

"Dakwar, na yarda, madam, ɗauki abinku. Ni ma ƙarfen nan ya ba ni mamaki. In ruwa ya taru a tampol sai ya lanƙwasa, in na zubar sai ya miƙe abinai. Ba banza aka yi shi ba."

Na ɗauko shi a kafaɗa ina tafe ina juya maganar. Ƙarfe mai lanƙwasa ya dawo, ashe ɗan'uwan sifirin ne. Na zura kansa a ɗaya daga ramukan nan, ya shige cif ya yi ƙara, ya miƙe a gefen wuya, sarƙarsa tana lilo daidai ƙarƙashin ƙugiyar. Wani daɗi ya kama ni, irin wanda nake ji in hannun riga ya zauna a kafaɗa tun ɗinkin farko.

Sauran kuma a waya na gani. Na yi ta neman bidiyon irin ɗakin har na samu wani Bature mai tumbi da gajeren wando yana ɗaura nasa. Turancinsa ta hanci yake fita, ban tsinci komai ba, sai na kashe sautin na zuba wa hannuwansa ido. Na kalla har na haddace abin da yake yi, amma dalilin bai shige ni ba. Sai da wani ɗan dako ya wuce ta gaban shagona da baro cike da doya. Ya ajiye ya huta, sannan ya kama hannuwan baron ya ɗaga, na ga tayar gaba ta lotsa. Nan take abin ya faɗo mini. Ƙarafan nan biyu hannuwan baro ne aka soka wa mota a baya. Sarƙa ce ke ɗaga su ta rataye a wuyan ɗakin, sai wani nauyin ya koma kan tayoyin gaban mota, wani ya koma kan tayoyin ɗakin. Ko kaɗan nauyin bai ragu ba, raba shi aka yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ashe har ƙarfe ya san da haka.

Na bar ɗinkin mutane na ruga na bayyana wa Yaya da Baba mai walda. Yaya ya ce shi bai ga baro a nan ba. Baba kuwa idonsa ya yi haske, ya ce, "Oya, mu gwada."

Aikin yana son shimfiɗaɗɗen wuri, abin da Agege ba ta da shi. Layinmu rami ne da tudu, kwata a gefe. Sai a hanyar Oko-Oba muka samu wani gidan mai da ya daina aiki, simintinsa na nan sumul, maigadin ya bar mu muka shiga. Na tafi da dogon ƙyallen shadda da alli kala-kala, don na fi yarda da alama a kan yadi. Aka cire ɗakin gefe, motar ta tsaya ita kaɗai. Na taka bakin ƙyallen a ƙasa, na ja shi zuwa bakin ƙarfen da ke saman tayar gaba, na yi alama. Na yi haka a baya. Wannan shi ne tsayuwarta ta asali, ita za mu nema.

Daga nan muka juya jak ɗin da ke wuyan ɗakin har ɗakin ya tsaya daidai, gaba da baya tsawo ɗaya. Sai muka ga ƙwallon motar ta yi ƙasa da ƙoƙon sosai. Ashe kan ƙarfen da ke ɗauke da ita yana da jerin ramuka, ana iya hawa da shi ko a sauko. Baba ya kwance notuna da babbar sifana, ya hau da shi har ƙwallon ta zo daidai ƙoƙo, ta ɗan ɗara kaɗan saboda zaman da motar za ta yi. Aka haɗa, aka kulle, aka zura ƙarafan biyu.

Saura ɗaura sarƙa. Ana saƙala gaɓa ɗaya a ƙugiya, a zura bututu a ɗaga ƙugiyar har ta kife, a soka mata fil. Baba ya ce wannan aikin maza ne, ya tofa yawu a tafi ya kama bututu. Ya yi nishi, ya kai rabi, bututun ya ƙwace ya wuce ta gefen haɓarsa da iska. Da ya same shi da sai dai mu kwashi haƙora.

"Rora, Baba, a hankali!" in ji Yaya.

Sai a lokacin na tuna Baturen nan yakan juya jak ya ɗaga wuyan ɗakin tare da bayan motar kafin ya taɓa sarƙa. Na ɗauka wasa yake yi. Muka yi hakan, sarƙar ta hau cikin sauƙi, har ni na ɗaura ta gefena da hannu ɗaya. Aka sauke jak a hankali. Ƙarafan suka ɗauki nauyi suna ƙara, na zuba wa gaban motar ido ina kallonsa yana saukowa kaɗan-kaɗan.

Ba a karon farko aka dace ba. Da fari sarƙar ta yi sako-sako, gaban bai kai alamata ba. Muka rage gaɓa, sai ta yi tsauri fiye da kima, gaban ya nutse ƙasa da alama, bayan ya yi sanƙarau, bakin ƙarafan ya kusa manne wa wuya. Baba ne ya gano cewa kan da ke riƙe da ƙwallon ana iya karkata shi baya da 'yan zobban washa, in an ƙara sai bakin ƙarafan ya sunkuya, sarƙa ta samu wurin ja. Aka sake kwancewa, aka ƙara washa, aka sake ɗaurawa. Yaya ya yi tsaki ya fi a ƙirga, rana ta gasa mu, rigata ta yi baƙi da giris. Can wajen la'asar na ja ƙyalle a gaba, ya tsaya gab da alamar asali. A baya ya ɗan yi ƙasa kaɗan, yadda ya kamata. Ƙarafan suka kwanta a miƙe tare da wuya, mota da ɗaki suka zama layi ɗaya.

"O ti to, ya isa!" in ji Baba, ya bi notunan ya ɗaure tamau.

Yaya ya ja muka zagaya har Abule Egba. Na ga ya saki kafaɗa, yana tuƙi da hannu ɗaya. Da muka dawo ya ce wa Inna, "'Yar nan taki dai, da namiji ce da ta kwance jirgin sama." Inna ta ce, "Ai ta kwance mini keke."

To, labari ya bazu cewa ɗaki guda zai tafi Arewa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wanda bai zauna a unguwa irin tamu ba ba zai gane ba. A Agege ba a tafiya gida hannu rabbana, kuma ba a ce wa mai saƙo a'a. Kowa na da uwa ko ɗa ko suruka a kan hanya. Aka fara da huhun goro, sai jarkokin manja, buhunan garin kwaki, kan keken ɗinki, tsohon janareto, katon ɗin sabulu, har da ƙofar ƙarfe da wani ya ce a sauke masa a Zariya. Kowa ya zo sai ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi mata addu'a, sannan ya ce, "Ɗan saƙo ne, ba shi da nauyi."

Matan unguwa su suka shirya kayan, kuma da ladabi suka shirya su. Gadon Inna a gaba yake, wa zai dangwarar da buhun gari a kan tsohuwa marar lafiya? "A matsa da shi baya, kada ya takura wa Inna." Haka aka yi ta cewa, haka aka yi ta turawa, har bayan ɗakin ya cika maƙil zuwa rufi, gaban kuwa fayau, an share an kunna turaren wuta. Ni ma da hannuna na tura janareton can ƙurya, ina jin na yi abin kirki.

Ana gobe tafiya na ce sai na kwanta a gadon an ja ni, in ji abin da Inna za ta ji. Yaya ya ce, "Abeg, don Allah ke ba kya gajiya?" Amma ya yarda. Baba ya shiga gaba kusa da shi, ni na haye gado na rufo ƙofa.

Tun a cikin layi na san akwai magana. Duk ramin da taya ta faɗa sai na ji shi a tsakiyar bayana, ni mai lafiya ke nan. Da muka hau babban titi wajen Sango, Yaya ya ɗan ƙara wuta, wata tanka ta wuce mu da iska. Sai ɗakin ya kaɗa hagu. Ya dawo dama. Ya sake komawa hagu fiye da na farko. Na ji kaya na rugugi a baya, labule na tashi, na kama bakin gado ya ƙwace, na tsinci kaina a ƙasa ina salati da ƙarfi. Allah ya sa Yaya bai danna burki ba, ya ɗaga ƙafa kawai ya riƙe sitiyari, abin ya yi ta raguwa har muka tsaya a gefe.

Na fito goshina ya yi ƙulu. Tsoro ya koma fushi, na rufe Yaya da faɗa kamar shi ya yi tankar. Shi kuma fuskarsa ta yi fari fat. Baba kuwa ya sa jak ya kwance sarƙoƙi, ya buɗe ƙoƙon, sannan ya sa hannu ɗaya ya ɗaga wuyan ɗakin sama kamar yana ɗaga buta. Wuyan da kwanan baya sai da jak.

Kayan da muka jibge a bayan tayoyi sun rinjayi gaban. Wuya ya rasa nauyin da zai danne ƙwallo, wutsiya ta samu ƙarfin kaɗa mota. Duk wahalar da muka sha a gidan mai ta raba nauyin wuya ce, ba ta da maganin nauyin da aka kai wutsiya. Abu na biyu kuma ya fi ciwo, ni na faɗe shi da bakina: ko an gyara kaya, ɗan Adam ba zai kwanta a cikin ɗakin nan ana tafiya ba, balle Inna da ƙugunta.

Muka koma gida jiki a sanyaye. Yaya ya tsaya a kan Inna ya zayyana mata komai, ya ƙare da cewa, "Kowa ya zo ya kwashi kayansa. Ni ba kamfanin dako ba ne."

Na ce, "Wallahi kuwa."

Inna tana kwance a kan tabarma, ta ɗaga mana hannu. Ba ta kiran sunan Yaya, ɗan fari ne, sai ta dubi bango ta yi magana.

"A faɗa wa yaron nan, babu saƙon da zai koma. Tun da na zo garin nan amarya nake bin mutane tasha da ƙulli a hannu, ina roƙo a kai wa Yaya tawa. Ba wanda ya taɓa mayar mini. Yau Allah ya kawo ranar da ni zan kai na wasu, sai a ce a'a?" Sannan ta juyo gare ni. "Ke Auta, mai awo. Ina ya kamata kayan su zauna?"

"A kan tayoyi, Inna, da ɗan gaba da su. Masu nauyi a ƙasa."

"Wato wajen gadona."

"Wajen gadonki."

"To a ba su gadon. A kwantar da kujerun motar a shimfiɗa mini katifa, in ji hirarku ma. Ɗakin in an tsaya na shiga in yi alwala in miƙe baya."

Haka aka yi. Muka sauke komai, ni kuma na tsaya a ƙofa ina ɗaga kowane kaya in ji nauyinsa kafin in ce ga inda zai zauna. Janareto da manja a kan tayoyi, buhuna a gabansu, ƙofar ƙarfe a kwance a ƙasa, goro da sabulu a sama, aka ɗaure da igiya. Muna cikin haka Inna ta sa aka mirgino wani abu daga ɗakinta, naɗe cikin tsohon buhu. Ƙarami ne, amma da na kama sai da na yi nishi. Na shafa ta saman buhun, na ji kwarmin tsakiyarsa. Dutsen niƙanta ne, wanda ta zo da shi daga ƙauye tana amarya. Tun da injin markaɗe ya zo layinmu ba a sake amfani da shi ba, amma duk gidan hayar da muka koma da shi ake komawa.

"Inna, wannan fa?"

"Saƙo ne."

"Na wa?"

"Mai shi ta sani. Ke dai nema masa wuri."

Ni mai tambaya, ranar na haɗiye ta uku. Na sa shi a ƙasa gaba da tayoyi kaɗan, kuma shi ya ƙarasa daidaita wuyan.

Da safe, kafin a haɗa ɗakin, aka kwantar da Inna a bayan jif, aka tokare ta da filo ta ko'ina, na sake auna motar da ita a ciki, na yi sabuwar alama da jan alli. Aka haɗa, aka ɗaura sarƙa, aka duba. Baba mai walda ya shafa giris a ramukan, ya bi mu da addu'a da Hausa da Yarabanci har bakin titi.

Tafiyar a hankali muka yi ta, sannu ba ta hana zuwa. Ɗakin ya bi mu lafiya, ko tanka ta wuce sai dai ya ɗan girgiza ya nutsu. In an yi kwana ƙarafan su yi ƙara, Inna ta ce suna gaishe ta. Duk inda muka tsaya sai na zagaya na taɓa sarƙa da fil. Muka riƙa sauke saƙo gari-gari, duk saukewa sai na sake jera sauran. Inna daga kwance take ba da umarni, ta san na wane ne wannan, ta san uwar wane ce za ta zo karɓa. Rabon da in ga bakinta ya buɗe haka tun kafin ta faɗi.

Da muka isa, Inna Babba na zaune a ƙofar gida a kan buzu, 'yar mitsitsiya, ta kare ido da hannu tana kallon wannan abin al'ajabi da ya tsaya mata a gaba. Aka buɗe bayan jif. Inna ta ɗago kai ta ce, "Yaya." A hankali ta faɗa, ba irin ihun waya ba. Tsohuwar ba ta ce wa ke magana ba. Ta rarrafo ta kama ƙafar Inna ta riƙe, suka yi ta kuka, mu ma muka taya su.

Gadon ɗakin ya samu masu shi daga ƙarshe. Da aka kwashe kaya, su biyun suka mayar da shi wurin hirarsu, suna kwance kai da ƙafa, taga a buɗe, Inna Babba na ta tambaya daga ina ruwan famfon ɗakin yake fitowa. A nan na gane inda na gado halina. Dutsen niƙa kuwa, Inna ta sa aka kai shi gindin bangon ɗakin mahaifiyarsu, inda ta ce daga nan aka ɗauke shi.

Ranar da za mu juyo na shiga haɗa mata kaya. Ta ce, "Bar su, Auta. Ku dai ku gaida mutanen Agege, ku ce saƙo ya isa." Yaya ya buɗe baki, ta dubi bango, ya rufe.

Mutanen ƙauye su ma sun cika ɗakin da nasu saƙon, gero da wake da kuka da daddawa, na jera su yadda ya kamata. Kafin a haɗa, muka kai jif kan daɓen da ake shanya hatsi don in auna. Katifar na nan a baya, da filolin, yadda aka bar su. Na taka bakin ƙyalle, na ja shi sama a tayar baya. Ƙarfen ya wuce jan allin. Na ce ko ƙasa ce ba daidai ba, na sa Yaya ya gyara tsayuwa, na sake ja. Ya sake wucewa, da abin da bai kai faɗin ɗan yatsana ba. Iyakar abin da Inna ta danne motar ke nan, matar da ta goye mu duka. Ban yi kuka a gabanta ba, amma a nan gindin taya ya ƙwace mini.

Yaya ya leƙo ta taga. "Ya yi?"

Na ce ya yi. Muka haɗa, muka ɗaura sarƙa, na shiga gaba na zauna da ƙyallen a cinya, babban yatsana a kan 'yar tazarar nan. Har muka wuce Funtuwa ban ɗaga shi ba.